Sai Ruwa Ya Ga Dama

Na sauka daga aikin dare a asibitin Wick,
warin magani bai bar hannuna ba.
Na tuƙa mota na yi arewa
har inda hanya ta ce ta gaji.
Duncansby. Nan ƙasa ta yanke kamar saran gatari,
daga nan sai ruwa, bayan ruwa sai Mai shi.

Iskar wurin ba ta sallama.
Ta fizge min hula, ta cusa min gishiri a baki.
Tumaki na kiwo a leɓen kwazazzabo, ko a jikinsu,
su da faɗuwa sun daɗe da zama maƙwabta.

Ishbel ta riga ni, kamar kullum.
Shekara saba'in da huɗu, kujera mai naɗewa, shayi a gora,
da littafin da ta cika da kwanakin wata.
Ta ce, jiya ba su zo ba,
shekaranjiya ma haka.
Ta miƙo min madubin hange ba ta dube ni ba.

Can ƙasa, a kan duwatsu,
wasu masu kitse sun baje
kamar buhunan da aka sauke a tasha babu mai karɓa.
Ɗaya ta ɗago kai, idonta na maraƙi,
sai na tuna kakana Tunau, basarken Yauri,
da ya rantse ya ga ayu sau ɗaya a Kwara
tana shayar da ɗanta a cikin burgu.
Shekara arba'in yana ba da labarin,
shekara arba'in ana masa dariyar tsufa.

Tsuntsaye dubu a jikin dutse, kowa da tsagarsa,
hayaniya kamar ranar kasuwa.
Akwai wani ɗan gajere mai baki kamar an ƙunsa masa lalle,
ya sauka da ƙananan kifi biyar jere a bakin,
bai yar da ko ɗaya ba.

Awa ɗaya. Biyu.
Yatsuna suka daina jin maganata.
Na fara tunanin gado na tara,
dattijon da ya riƙe min hannun riga da asuba
kafin ya saki komai.

Sai tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya.

Ishbel ta ce, gaya min.
Nan na gane. Yana ta rufe mata ido tun bara,
madubin nan ba kyauta ba ne, aike ne.

Na ce, ga ƙaya baƙa ta tsaga ruwa,
tsayinta ya kai ƙofar zaure.
Ga wata a bayanta, mai lanƙwasa kamar lauje.
Baƙi da fari, hankakan ruwa,
numfashinsu na tashi fari kamar hayaƙin murhu.
Ta ce, nawa?
Bakina ya manta Turanci:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
da ƙaramin da ke manne da haƙarƙarin uwa.
Na ɗaga mata yatsu, ta shafa ta ƙirga.

Suka kewaye dutsen, ba gaggawa.
Ruwa ya yi ja a wuri guda, faɗin tabarma,
igiya ta zo ta share.
Mai idon maraƙi ban sake ganin ta ba.
Ishbel ta ce, su ma 'ya'ya gare su.
Ban amsa ba.

Minti shida, in ji agogonta.
Teku ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Ta rubuta biyar, babba, a karkace,
ta ce in sa sunana a gefe, shaida.
Na karɓi biro da daskararren hannu,
na rubuta: jikan Tunau.